Jan DeGaetani: Mawaƙiyar da Ta Ɗauki Nauyin Waƙoƙin da Ba a Taɓa Ji Ba



Laccar yau a kan wata mawaƙiya ce 'yar Amurka, Jan DeGaetani, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 1989. Ko a ƙasarta ba ta yi irin sunan da ake ji a tasha da kasuwa ba. Amma a cikin masu kiɗan ilimi na Turawa, wanda suke kira kilasik, da wuya a yi hirar waƙoƙin da aka tsara bayan Yaƙin Duniya na Biyu sunanta bai fito ba. Sana'a biyu ta riƙe har ƙarshen ranta: rera sababbin waƙoƙi, da koyar da masu tasowa.

Kafin a shiga tarihinta sai an fahimci yadda aikin waƙa ya rabu a wannan al'ada. A wurinmu, Alhaji Mamman Shata ya kasance shi ne mai ƙirƙira, shi ne kuma mai rerawa. Waƙa na zuwa ransa tana fita ta bakinsa, masu kalangu da 'yan amshi na biye da shi. A kiɗan kilasik mutum biyu ne ke raba wannan aiki. Na farko shi ne matsarin kiɗa, wanda ke zama a ɗaki da alƙalami ya rubuta kowane sauti a kan layuka biyar: hawansa da saukarsa, tsawon da za a ja shi, ƙarfinsa, da inda za a dakata. Sau da yawa shi kansa ba ya iya rera abin da ya rubuta. Na biyu shi ne mawaƙi, mai karɓar takarda ya mayar da ita murya. Idan waƙar tsohuwa ce, ta Schubert ko ta Mozart, mawaƙi yana da magabata. Malaminsa ya rera ta, akwai faya-fayai, kunnen jama'a ya san inda za ta dosa. Idan kuwa sabuwa ce fil, tawadarta ba ta daɗe da bushewa ba, babu abin dogaro sai takardar da mai ita. Abin da aka rera a ranar farko kuma, shi duniya za ta ɗauka a matsayin waƙar. In mawaƙi ya ɓata ta, matsarin ne zai sha suka, waƙar kuma ta koma akwati, wataƙila ba za ta sake fitowa ba.

Wannan nauyin ne DeGaetani ta zaɓi ta ɗauka.

An haife ta ranar 10 ga Yuli 1933 a garin Massillon na jihar Ohio, sunanta na yanka Janice Ruetz. Sunan da duniya ta san ta da shi na mijinta na fari ne. Ta yi karatu a makarantar Juilliard da ke New York a hannun Sergius Kagen, haifaffen Rasha, wanda asalinsa makaɗin fiyano ne kuma mai tace littattafan waƙoƙi. Muryarta irin wadda suke kira mezo ce, wato muryar mace ta tsakiya, ba siririya can sama ba, ba kuma mai kauri can ƙasa ba. Ta fara bayyana a gaban masu sauraron New York a matsayin mawaƙiya mai cin gashin kanta a 1958.

Shekarar tana da abin lura. A watan Fabrairunta ne wata mujallar kiɗa ta buga maƙalar Milton Babbitt, matsarin kiɗa kuma malami a jami'ar Princeton, inda ya kwatanta sabon kiɗa da binciken lissafi mai zurfi, abin da ba dole ne kowa ya fahimta ba. Editan mujallar ya ɗora wa maƙalar taken da ke nufin wa ya damu ko kun saurara, taken da Babbitt bai zaɓa ba kuma ya bi shi har tsufa. Haka zamanin yake. Matsara sun shige jami'o'i suna rubuta kiɗa mai sarƙaƙiya, jama'a sun ja da baya, mawaƙa kuma sun fi kowa gudu. Dalilansu a fili suke. Waƙar da za ta ci wa mutum watanni yana koyo, sau ɗaya ko biyu za a rera ta, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Murya kan yi tsalle daga ƙasa zuwa sama ba tare da wani kari da kunne ya saba ba, kayan kiɗan da ke gefe kuma ba sa ba mawaƙi sautin da zai kama. Malamai da yawa na gargaɗin ɗalibansu cewa irin wannan waƙa tana lalata maƙogwaro. Sakamakon haka, waɗanda suka yarda su rera ta sukan yi ta da ihu da gaggawa, sai masu sauraro su fita da yaƙinin cewa sabon kiɗa hayaniya ce kawai.

Shekarun 1960 DeGaetani ta yi su ne a ƙananan ƙungiyoyi, kuma a gefe biyu masu nisa da juna. Tana rera waƙoƙin Turai na ƙarnonin da, waɗanda suka girmi Mozart da ɗaruruwan shekaru, tare da ƙungiyoyi irin su New York Pro Musica da Waverly Consort. Tana kuma aiki da ƙungiyar sabon kiɗa da Arthur Weisberg ke jagoranta, Contemporary Chamber Ensemble. Wanda ya duba da kyau zai ga gefen biyu buƙatarsu ɗaya ce. Tsohuwar waƙa ta coci da ta fada tana son murya tsaf, marar yawan rawa, wadda ke sauka daidai kan sauti kuma tana sauraron na kusa da ita. Sabuwar waƙa ma abin da take so ke nan. Horon da ta samu a wancan gefen shi ta kawo wannan.

Faifan da ya fara fito da ita shi ne Pierrot lunaire na Arnold Schoenberg. An fara gabatar da wannan aiki a Berlin a watan Oktoban 1912: waƙoƙi 21 na marubucin Beljiyam Albert Giraud da aka juya zuwa Jamusanci, da murya ɗaya da makaɗa biyar. Schoenberg ya ƙirƙiro wata hanya tsakanin magana da rerawa. A jikin sandar kowane sauti ya sa ɗan gicciye, alamar cewa murya ta taɓa sautin, sannan nan take ta sake shi, ta zame sama ko ƙasa. Wadda ta nemi a rubuta aikin, Albertine Zehme, 'yar wasan kwaikwayo ce, kuma tun daga lokacin masu gabatarwa da yawa suka ɗauke shi a matsayin wasa, suka yi ta kururuwa da kwarmato, sautukan da aka rubuta kuwa ko oho. DeGaetani ta koma ga takardar. Ta taɓa kowane sauti a inda aka ajiye shi, ta rage ihu, ta bar kalmomi su fito sarai. Da kamfanin Nonesuch ya fitar da faifan a 1971, mutane suka ji cewa ashe muryar da kayan kiɗan hira suke yi da juna, sarewa ta ɗauki abin da murya ta ajiye, goge ya mayar mata. Har yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun faya-fayan wannan aiki.

Ya kamata a ambaci matar da ke shugabantar Nonesuch a lokacin, Teresa Sterne, wadda ta riƙe kamfanin daga 1965 zuwa 1979. Faya-fayansu masu araha ne, ɗalibi na iya saye, kuma ita ce ta yarda ta zuba kuɗi a kiɗan da manyan kamfanoni ke gudu. Ba don ita ba, da yawancin abin da ake magana a kai yau ya tsaya a kunnen 'yan ɗaruruwan da suka halarci zaure.

Amma abin da ya ɗaure sunan DeGaetani da tarihi shi ne haɗuwarta da George Crumb, malami a jami'ar Pennsylvania, wanda ya ci lambar Pulitzer a 1968. Crumb ya kamu da son waƙoƙin Federico García Lorca, marubucin Andalus da aka kashe kusa da Granada a 1936, a farkon yaƙin basasar Sifaniya, ya kuma shafe shekaru yana ɗora musu kiɗa. A 1970 ya kammala Ancient Voices of Children, aka fara gabatar da shi ranar 31 ga Oktoba a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington, DeGaetani na rerawa, Weisberg na jagora, Gilbert Kalish na kan fiyano.

A nan ya dace a tsaya a kalli abin da ke faruwa a kan dandali. An ɗage murfin fiyano. Makaɗin ya danne feda da ƙafa, wanda ke ɗauke abin da ke danne tsirkiyoyi, ya bar su a sake. An sa na'urar ƙara sauti a jikin fiyanon. Sai mawaƙiyar ta sunkuya, ta kai bakinta cikin akwatin, ta fara rerawa. Da farko babu kalma ko ɗaya, gaɓoɓin sauti ne kawai, da kaɗa harshe, da guɗa-guɗa, da tsalle daga ƙasa zuwa sama. Duk sautin da ta saki, tsirkiyar da ta dace da shi sai ta kama rawa da kanta ba tare da an taɓa ta ba, ta riƙe shi bayan muryar ta wuce. Cikin ɗan lokaci mawaƙiya ɗaya ta zama kamar tana tsakiyar amsa-kuwwar kanta. Wannan dabara ba ta yafe kuskure. In sauti ya kauce ko da kaɗan, fiyanon zai riƙe kuskuren ya yi ta nanata shi a kunnen jama'a. Sai wadda kunnenta ya kai kuma numfashinta ke hannunta za ta iya.

Sauran kayan kiɗan ma abin kallo ne. Akwai obo, wadda 'yar'uwar algaita ce, da mandolin, da hap, da makaɗa uku masu kayan bugu iri-iri, har da duwatsun addu'a na Tibet. Akwai zarto na kafinta da ake ja da bakan goge ya yi kuka siriri. Akwai fiyanon wasan yara, wanda a waƙa ta huɗu, mai magana kan mutuwar yaro a Granada, yake buga wani tsohon kari daga littafin kiɗan iyalin Bach, yana raguwa sannu a hankali kamar abin wasan da zarensa ya ƙare. Akwai kuma yaro mai siririyar murya da ke amsawa daga bayan dandali, ba a ganin sa sai a ƙarshe ya fito ya tsaya kusa da mawaƙiyar. Crumb da hannunsa yake zana takardun kiɗansa, kuma a sashen tsakiya na wannan aiki layukan ba a miƙe suke ba, da'ira ya zana, ana bin ta ana zagayowa.

Duk wannan zai iya zama wasan burge ido kawai. Abin da ya hana shi zama haka ita ce mai rerawa. DeGaetani ta ɗauki waɗannan baƙin sautuka da irin girmamawar da ake ba waƙar Schubert, ta rera su a matsayin maganar uwa da ɗa, da ta mace mai jiran haihuwa, da ta makoki. Faifan da ya fito a 1971 ya sayu dubun-dubatar kwafi, abin da ba a saba gani ba a sabon kiɗa, aikin kuma ya yi fice a taron matsara kiɗa na UNESCO a wannan shekarar. Matasan da suka saba da kiɗan rok suka saya. A 1979 Crumb ya sake rubuta mata Apparition, ita da Kalish, a kan baitocin Walt Whitman na makokin Abraham Lincoln.

Tun bayan Ancient Voices of Children matsara suka yi ta kawo mata aiki. Peter Maxwell Davies na Birtaniya ya ba ta Stone Litany a 1973, wanda aka gina kan rubuce-rubucen da Vikin suka karta a bangon wani tsohon kabari a tsibiran Orkney. Jacob Druckman ya rubuta mata Lamia. Aikin Richard Wernick da ta fara rerawa a bikin kiɗa na Aspen a 1976, Visions of Terror and Wonder, ya ci Pulitzer a shekarar da ta biyo. A Disamban 1978 ita da Thomas Paul suka fara gabatar da Syringa na Elliott Carter, inda take rera baitocin John Ashbery da Ingilishi, shi kuma yana rera tsohon Girkanci, a lokaci guda, kowa da saurin tafiyarsa.

Ba ita kaɗai ce a fagen ba. Cathy Berberian, wadda Luciano Berio da John Cage suka rubuta wa ayyuka, ta riga ta yin suna a Turai. Sai dai hanyarsu ta bambanta. Berberian gwanar dandali ce, mai canza murya kala-kala, mai dariya da tari da raɗa a cikin waƙa, kowa ya gan ta ya san ya ga abin mamaki. DeGaetani kuwa takan janye kanta ta tura waƙar gaba. Muryarta ba ta cika ƙarfi ba, ba ta kuma nemi zama tauraruwar ofera ba, inda kuɗi da suna suke. Wanda ke neman wuta da hargowa zai iya jin ta da ɗan sanyi, kuma wannan ra'ayi ne da ke da hujjarsa. Amma ƙarfinta yana inda mawaƙa da yawa ke da rauni, wato a rerawa ƙasa-ƙasa. Tana iya sauke murya har ta kusa ɓacewa, sautin bai karkace ba, kalmar ba ta narke ba.

Kuma ba ta yarda a kulle ta a ɗakin sabon kiɗa ba. Ita da Kalish, wanda suka yi kusan shekara 30 suna aiki tare, sun ɗauki waƙoƙin Schubert da na Hugo Wolf. Sun ɗauki na Charles Ives, ɗan kasuwar inshora da ya buga waƙoƙinsa 114 da kuɗinsa a 1922. Tare da Leslie Guinn ta rera waƙoƙin Stephen Foster, wanda ya rasu a 1864, waƙoƙin falon gida da masana ke yi wa kallon raini, ta ba su kulawar da ta ba Schoenberg. A zaman waƙa ɗaya takan haɗa aikin da ya shekara 300 da wanda aka gama a bara, da murya ɗaya da natsuwa ɗaya. Wannan shi ne babban abin da ta tabbatar a aikace: babu wata murya ta daban da ake ajiyewa don sabuwar waƙa. Mawaƙin da ya iya numfashi, ya iya karatu, ya fahimci abin da kalmomi ke faɗa, zai iya duka biyun, kuma kowanne zai gyara masa ɗayan.

Abin da ta kai aji ke nan. A 1973 ta zama farfesar waƙa a makarantar Eastman da ke Rochester, a jihar New York, makarantar da George Eastman mai kamfanin Kodak ya kafa a 1921, ta kuma zauna a nan har rasuwarta. Da bazara takan hau duwatsun Colorado ta koyar a bikin kiɗa na Aspen, inda matasa daga makarantu daban-daban ke taruwa na wasu makonni. A 1980 ta haɗa hannu da Norman Lloyd da Ruth Lloyd suka fitar da littafin koyon rera waƙa kai tsaye daga takarda, The Complete Sightsinger, wanda misalansa suka taso daga waƙoƙin ƙarnonin da har zuwa na ƙarni na 20. Littafin ya nuna inda hankalinta yake. An daɗe ana yi wa mawaƙa kallon masu kyan murya da ba su iya karatun kiɗa ba, sai an buga musu a fiyano sun haddace. Ita kuwa so take mawaƙi ya zama makaɗi cikakke, ya buɗe takardar da bai taɓa gani ba ya karanta, ya ƙirga bugu da kansa, ya zauna cikin makaɗa a matsayin ɗayansu.

Ɗalibanta su ne shaida. Dawn Upshaw, wadda ta yi karatu a hannunta a Aspen, ita ce ta rera a faifan Simfoni ta 3 ta Henryk Górecki na ƙasar Folan, wanda Nonesuch ya fitar a 1992 ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Daga baya Upshaw ta kafa sashen horar da mawaƙa a kwalejin Bard, inda ɗalibai ke aiki kafaɗa da kafaɗa da matsara masu rai. Renée Fleming, wadda ta zama babbar tauraruwar ofera ta Amurka, ita ma ta bi ta hannunta a Aspen, ta kuma ambace ta a littafinta na 2004 cikin waɗanda suka gina ta. Lucy Shelton ta gaji fagen sabon kiɗa kai tsaye, ta ɗauki nata faifan Pierrot lunaire, ta kuma koyar a New York. William Sharp ya zama malami a makarantar Peabody da ke Baltimore. Abin sha'awa, muryoyin nan ba su yi kama da juna ba, ba su kuma yi kama da tata ba. Malamin waƙa da ya raina aikinsa yakan fitar da masu kwaikwayonsa. Ita ta fitar da mutanen da kowa ya kama hanyarsa, abin da ya haɗa su shi ne kula da kalma da rashin tsoron takardar da ba a taɓa rerawa ba.

A ƙarshen shekarun 1980 cutar sankarar jini ta kama ta. Ta ci gaba da koyarwa da rerawa gwargwadon ƙarfinta. Mijinta na biyu, Philip West, mabushin obo ne kuma malami a Eastman, ya sake tsara Les nuits d'été na Berlioz da wasu waƙoƙin Mahler, ya rage su daga babbar ƙungiyar makaɗa zuwa ƙarama. A watan Mayun 1989 aka ɗauki faifan a Eastman, abokan aikinta na kiɗa, David Effron na jagora, kamfanin Bridge ya fitar. Wata huɗu bayan haka, ranar 15 ga Satumba 1989, ta rasu a Rochester tana da shekara 56.

Ga ɗaliban da ke son su ji da kunnensu, yawancin faya-fayan nan suna samuwa a intanet. Zai fi kyau a fara da waƙoƙin Foster ko na Ives, domin kunne ya saba da muryar a inda karin ke da sauƙin bi. Daga nan a wuce Ancient Voices of Children, wanda bai kai rabin awa ba, a saurare shi gaba ɗaya a zama guda, da fassarar baitocin Lorca a hannu in an samu. Pierrot lunaire a bar shi daga baya, domin ya fi su wuyar shiga, kuma sai an maimaita kafin a fara jin yadda murya da sarewa da goge ke karɓar magana daga juna. Yanzu za a saka minti biyar na farkon aikin Crumb, sannan a buɗe fili ga masu tambaya.